Kun Mai da Inna Fatalwa

Roi Et, 3 ga Yuli

Ƙanina Thawin,

Gaisuwa mai yawa da fatan kana lafiya, kai da matarka da jaririyarku. Mu ma lafiya, sai ƙafar Baba da ke kumbura in an yi ruwa.

Na kalli fim ɗinka. Na yi mamaki da ka iya kwana bayan ka gama shi. Tsohon gidan siliman garinmu ka ɗauka, da tagar da Inna ta shekara ashirin tana sayar da tikiti, har sunanta Buakham ka bari yadda yake. Sannan ka sa ta rataye kanta don mijinta yana neman mata, ta dawo da gashi a fuska tana shaƙe 'yan kallo. Thawin, kana tsaye a asibiti ranar da ciwon zuciya ya ɗauke ta. Kai ka riƙe mata ƙafa.

Yanzu matasa daga Bangkok suna cika bakin siliman, suna kunna turare, suna ajiye jan lemon kwalba, suna roƙon Inna lambar caca. Jiya a kasuwa mai sayar da kwaɗon dakakkiyar gwanda ta ce mini, "Lamduan, ashe tsohon naku haka ya yi tashe? Shiru-shiru kamar na kirki." Na bar mata gwandarta na tafi.

Ka ce mini labari ne kawai. To a nan ba wanda ya ɗauke shi labari.

Yayarka,
Lamduan

Roi Et, 21 ga Yuli

Thawin,

Ina gaishe ka, ina fatan zazzaɓin yarinya ya sauka.

Na ɓoye wa Baba, amma maƙwabta sun gaya masa. Ya sa na kai shi silima a birnin Khon Kaen ya kalla da idonsa. Mutumin da ya shekara talatin yana haska wa mutane fim, ya zauna yana kallon wani yana dukan matarsa da sunansa.

Tun ranar kullum da safe yake ɗaukar kujera ya zauna a bakin tsohon siliman garinmu, yana gaya wa baƙi yadda Inna ta rasu. Ba sa ji. Hoto suke yi da shi, suna ce masa mijin fatalwa. Na ce ya daina, ya ce, "In na tashi, wa zai faɗa musu?"

Ranar sha biyu ga watan gobe za mu ciyar da malaman haikalinmu sadaka don Inna. Ka zo. Za ka tsaya gaban mutanen gari ka faɗa da bakinka cewa ƙarya ka yi wa iyayenka. Baba bai nemi haka ba, har yanzu kare ka yake yi, ni na nema. In ba za ka iya ba ka zauna inda kake, kuma ranar da za a ƙona gawarsa bisa al'adarmu kada ka jira wayata.

Ka gaida mutanen gidanka.

Yayarka,
Lamduan