Lasisin Wannan Gaɓar Na Saya, Aka Kama Yayana a Waccan

Assalamu alaikum Edita da masu karatu. Don Allah a ɓoye sunana, kuma a karanta har ƙarshe kafin a tsine mini, don na riga kowa tsine wa kaina.

Direba ne ni a Hindawiyya, nan Jidda. Kafilina, wato maigidan da nake zaune a ƙarƙashinsa, Balarabe ne mai son farauta kamar ransa. Shekara huɗu da suka wuce ya ce zai je ƙasarmu harbin barewa, in riga shi tafiya in shirya takardu. Ƙauyenmu yana bakin kogin da ya raba jihohi biyu, sai na tambayo batun lasisin farauta a duka biyun. A jiharmu lasisi araha ne, ba a neman komai sai hoto, amma iyakarsa zabi da kurciya, kuma bai tsallake ruwa. A waccan jihar, inda barewar take, kuɗin ya ninka, sai an yi rajistar bindiga, sai an rubuta sunan ɗan jagora. Na rubuto masa duka biyun. Ya aiko da kuɗi da 'yar takarda: "Shi ke nan, sayi mai tsadar." Ni kuwa iƙamar matata, wato takardar izinin zamanta a nan, ta kusa mutuwa. Na sayi na arahar, na soke ragowar a aljihu. Na ce wa zai duba takarda a cikin daji?

Yayana maharbi ne, shi na sa ya yi jagora. Bai iya karatu ba. A bakin kwalekwale ya tambaye ni, "Ƙanena, takardar nan ta kai har can?" Na dube shi ido cikin ido na ce, "Ta kai, Yaya." Muka haye tare da kafilina, suka kayar da barewa biyu, masu gadin daji suka fito. Baƙo aka ci tararsa aka sallame shi, ya ɗauka rikicin ma'aikata ne kawai. Ni direba, ba a ko kula ni ba. Bindigar kuwa a kafaɗar Yaya take. Shekara uku aka ɗaure shi, ya fito da tarin da har yau bai bar shi ba, gonarsa an sayar. Gida kowa ya yarda Balaraben ne ya yi rowa, ni kuma na yi shiru. Wace irin zuciya ce da ni? Kunya ta hana ni ko duba fuskar matata in ta ambaci iƙamar nan.

Yanzu wasiƙa ta zo, dangi sun haɗa wa Yaya kujerar Hajji, a gidana zai sauka. Ya sa an rubuto cewa, "Ka kai ni gaban maigidanka kafin hawan Arfa, ina so in yafe masa baki da baki, kada in mutu da shi a raina." Kafilina har yau yana ajiye da wasiƙata mai farashi biyu.

Saura mako biyu ya iso, zai yafe wa mutumin da bai cuce shi ba, ina tsaye ina yi musu tafinta. Jama'a, me zan yi?