Rasuwar Nafisa a Titin Makaranta

Zuwa ga Yaya Tajuddeen,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ka da kyau, da fatan wannan takarda ta same ka lafiya, kai da iyali a can Fatakwal. Allah ya ƙara lafiya, ya tsare mana ku. Mu nan Nahuce mun gode Allah, ƙafar Inna ma ta yi sauƙi, sai dai gidan ya yi shiru. Ranar da na kira ka na shaida maka rasuwar Nafisa, 'yar ƙanenmu Sahabi, kuka bai bar ni na yi maka bayani ba, shi ya sa na ga gara in rubuto.

Ka san makarantar da nake koyarwa tana ƙetaren babban titi. Da can akwai tudun da ke sa direbobi rage gudu, amma da aka sake zuba kwalta sai aka share shi, ba a mayar ba. Mun kai kuka har ofishin ƙaramar hukuma a Bungudu, aka ce mana za a duba. Ranar da abin ya faru an tashi yara ke nan. Nafisa har ta haye, sai takalminta ɗaya ya cire a tsakiyar titi, ta juya ta ɗauko. Wata bas ta taho daga Gusau a guje. Yaya, na ji ƙarar birki tun daga cikin aji.

Direban, wani matashi ɗan Tsafe mai suna Yusha'u, bai gudu ba. Shi ya ɗauke ta da hannunsa ya sa a mota, amma kafin mu kai asibitin Gusau ta cika a kan cinyata. Ranar sadakar uku mahaifiyarsa ta zo ta durƙusa gaban Inna tana kuka. Sahabi ya ce a gaya mata ya yafe, mutuwa ta Allah ce, amma kada wanda ya ƙara ce masa gudun mota a gaban makaranta ƙaddara ne.

Jami'an kiyaye haɗurra sun zo da na'urar auna gudu, sun kama direbobi na 'yan kwanaki, daga nan ba mu sake ganinsu ba. Mazan gari sun tara jar ƙasa sun yi tudu, ruwan sama yana ta wanke shi.

Sahabi ne damuwata yanzu. Ya ɗaura jan ƙyalle a sanda, kullum safe da lokacin tashi yana bakin titi yana hayar da yara. Ciyawa ta cinye gonarsa, ba ya cin abincin kirki, ko da matarsa Zainab ba ya doguwar magana. Don Allah ka kira shi, maganarka yake ji. Ko an gama hayar da yaran ba ya tafiya, sai ya tsaya yana kallon ƙofar makaranta, har sai na fito na ce masa babu saura, duk sun fito.

Inna tana sa maka albarka. Ka gaishe da Anti Hauwa, da Abubakar Sadiƙ da Nana Khadija. Ku sa Nafisa a addu'a.

Ƙanwarka,
Hanatu