Gemuna Ne Ya Ɓata Miki Allurai

Ya ke sanyin idona, mai farar rigar da ta fi ta kowa guga, furen da ya tsiro a tsakanin kwalabe, ke da kike sa ni zuwa aiki tun mai gadi bai gama buɗe ƙofa ba, ki karɓi gaisuwar wani bawan Allah da ya kwana shida bai ci ya ƙoshi ba. Kwana shida ina kallon ki kina wucewa ido jawur, kowa ya gaishe ki sai ki amsa da ka. Na san abin da ya same ki, na san wanda ya jawo, kuma yau zan faɗa miki ko da za ki jefe ni da kujera.

Jiya Mama ta tsare ni, wai me ke cin raina nake ta juya cokali a kwano. Na ce mata akwai wata baiwar Allah a wurin aikinmu da ta shekara biyu tana renon maganin ciwon daji. Aikinsa shi ne toshe bakin wani sinadari a jiki, kinas ake ce masa, mai zuga ƙwayoyin cutar su yi ta hayayyafa. Idan maganin ya daskare a kwalba, siffa biyu yake fitowa. Akwai siriri kamar allura, shi ne mai narkewa a ciki ya yi aiki. Akwai mai kama da bulo, wanda in mara lafiya ya haɗiye shi zai wuce abinsa yadda ya shiga. Kuma ƙwayar bulo ɗaya tak, wadda ido ma ba ya gani, in ta faɗa cikin allurai sai ta ɓata musu tarbiyya duk su koma bulo. Mama ta ce, "To kai mene ne naka a ciki, kai ne maganin?" Na ce a'a, ni ne cutar.

Kin tuna Talatar nan? Ina ɗakinmu na ƙarshen baranda, inda muke nazarin bulo, kika kira ni a waya kika ce, "Malam Mai Gemu, zo ka ga ikon Allah." Zuciyata ta hau rawa kamar injin da aka manta a kunne. Amma na bi doka tiryan-tiryan: na canza riga, na canza hula, na canza takalmi, na wanke hannu har gwiwa. Saura ragar rufe gemu. Na ɗauke ta, na dubi madubi, na ga gemun da na shekara bakwai ina yi wa hidima, ga shi ranar ya sha mai ya sha taza ya kwanta luf. Shaiɗan ya raɗa min, yanzu wannan za ka cusa a raga kamar albasa, ita kuma me za ta gani? Sai na jefa ragar a aljihu.

Ke kuwa murna ta hana ki lura. Kika ja min kujera, na sunkuya a kan madubin ƙara girma, ga alluranki sun miƙe farare tas suna ƙyalli. Kafaɗarki saura ɗan yatsa ta taɓa tawa. Kika ce, "Sun yi kyau ko?" Na ce ban taɓa ganin kyau irin wannan ba, kuma wallahi ido ɗaya kawai na sa a madubin. Wane mahaukaci ne zai yi saurin ɗagowa? Na daɗe a sunkuye, gemuna yana reto a kan buɗaɗɗen faranti.

Ranar Alhamis aka wayi gari babu allura ko ɗaya a ɗakinki. Kwalba bayan kwalba, duk bulo. Oga ya tara mu ya ce sakacinki ne wajen lura da zafi da sanyi, in ba a gano dalili ba cikin mako guda zai ba wani aikin. Ni kuwa ina tsaye a baya ina shafa gemu, ina gyaɗa kai kamar mai zurfin tunani. A cikin shafawar nan na tuna ragar da na jefa a aljihu. Na koma ɗakinmu, na taje gemun a kan baƙin gilashi, na leƙa madubin ƙara girma. Ga ƙwayoyin bulo nan reras, sun yi layi kamar masu jiran mota. Na ƙirga arba'in na bari.

Na ji tsoro, abar ƙaunata, ba zan ɓoye ba. Tsoron Oga kaɗan ne, tsoron ki tsane ni shi ya ɗaure min baki. Sai jiya da na hango ki kina kwashe littattafanki kina zubawa a kwali, ke kaɗai, kina share ido da bayan hannu. Kunyar da na ji ban taɓa jin irinta ba.

Yau da safe na kai wa Oga matajin a cikin leda. Ya leƙa, sannan ya ce shekara ashirin yana wannan aiki bai taɓa hukunta gemu ba. Ya yanke cewa aikin naki ne, ba mai taɓa shi. Za a wanke ɗakin tun daga sili har ƙasa, a kawo sababbin kwalabe. Ni an mayar da ni sito, can ginin baya, an kuma haramta min barandarki. Na san wannan ba zai dawo miki da watannin da na ƙona ba, abin yana ci min rai.

Daga ofishinsa wurin mai aski na wuce. Sau uku yana tambayata ko lafiya, ko wani ne ya rasu. Da na leƙa gida Mama ta ce wa nake nema, Yaya kuma ta yi dariya har da riƙe bango, wai haɓata kamar ɓararren ƙwai.

Ki yafe min, ya ke wadda numfashina ke hannunta. Ki yi fushi wata guda, na cancanta, amma kar ki yi na har abada. Zan goge miki kwalabe daga nesa da addu'a, in allurai sun sake fitowa kuma a hoto kawai zan gan su.

Na roƙi mai gadi kar ya ba ki takardar nan sai kin tashi aiki kin fito waje, don rabinta na rubuta kafin in je aski, gemun yana reto a kanta. Kar ki kuskura ki shiga da ita ciki. Ki karanta, ki ƙona, ki wanke hannu. Amma kafin nan ki ɗaga kai ki dubi tsallaken titi. Akwai wani mutum da ba ki taɓa gani ba a tsaye jikin turken lantarki, ya rufe haɓa da hannu. In kin ga dama ki tsallako, in ba ki tsallako ba gobe ma yana nan.

Naki yau da gobe da ranar da haƙora za su zube,
wanda a da ake kira Mai Gemu.