Faifan birkin muline yana hannuna

Malam,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ka, ina tambayar kwanciya, duk da na san babu mai kai maka wannan takarda. A jirgin ƙasa nake rubutawa, daga Paris zuwa Lyon, shi ya sa rubutun ya karkace.

Gida lafiya. Hadiza ta haihu, an sa wa yaron sunanka. Abokan aikinka na sito a Aubervilliers har yanzu suna zuwa Sevran gaishe ni ran Juma'a. Amma ba wannan ya sa na ɗauki alƙalami ba. Auta ne. Jibi Asabar zai shiga teku da abokansa na makaranta, za su yi fatsa can nesa, kan duwatsun ƙarƙashin ruwa. Irin wurin da ya cinye ka.

Ya zo hutu, ya sauko da sandarka ta fatsa da mulinenka daga kan kwaba, wannan na'urar naɗe zare da ka fi shafa wa mai a kan ƙafafunka masu kaushi. Ya shimfiɗa jarida a teburin kicin ya warware shi, yadda kake yi. Ya wanke gishiri da ruwan ɗumi, ya goge kowane ƙarfe da tsohon buroshin haƙori, ya ɗiga mai, ya jera ƴan faifan birki bi da bi. Har harshe yake ɗan fitarwa in yana ɗaure ƙusa. Wa ya koya masa wannan? Barewa dai ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe.

Na tsaya a bakin ƙofa ina kallonsa. Kai ka sha gaya mini cewa birki shi ne ran muline: in ya yi tauri zare ya tsinke, in ya yi sako-sako kifi ya shige da shi cikin dutse. Ka san duk wannan. Amma ranar da ƙugiyarka ta maƙale a dutse, jirgin ruwan kuma yana tafiya, sai ɗan Madarunfa da ke cikinka ya tashi. Ka naɗe zaren a hannu ka ja, kamar kana tafkin garinku kana jan tarwaɗa. Zaren nan na Turawa ba ya saurin tsinkewa, Malam. Kai ya ja. Sanda da muline suka dawo gida lafiya lau, kai sai washegari aka same ka.

To ga abin da na yi. Da Auta ya tashi salla, na zare faifai ɗaya na ƙulle a bakin zanena. Na ɗauka in ya zo haɗawa zai ga babu, abin ya ƙi, ya haƙura. Sai ya haɗa shi tsaf bai lura ba, ya ɗan juya hannun, ya ji yana ƙara, ya sa a jaka ya koma Lyon.

Tun ranar nake tambayar kaina. Muline mai giɓin faifai me yake yi? Kamewa ko suɓucewa? Kai kaɗai zan tambaya, kai kuma ka yi shiru. In ya suɓuce masa a tsakiyar teku, zare yana gudu, da me zai tare shi? Na gan shi yana gwada birkin a kicin, ya naɗe zaren a yatsu ya ja. Hannunka ne sak. Garin neman gira ina shirin rasa ido.

Ban taɓa gaya maka ba, duk ranar da ka tafi teku ba na kunna rediyo, ba na ɗaga waya sai na yi addu'a. Murmushin da nake maka a bakin ƙofa na ƙarfin hali ne. Da na faɗa, da ka zauna? Ba na jin haka. Shi ma ba zai zauna ba, na roƙe shi har na gaji, sai dariya yake mini irin taka.

Zan same shi a ɗakinsa na unguwar Guillotière, saman shagon mai sayar da gari da kifi busasshe. Zan kwance bakin zane in ajiye masa faifan, in zauna har ya mayar da shi wurinsa ina gani. Na saya masa safar hannu mai kauri da ƴar wuƙar yanke zare. Na san abin da hakan yake nufi: ni da hannuna nake gyara masa hanyar tekun. Ina jin tsoro, Malam, tsoron da ban ji ba ko ranar da aka kira ni a kanka.

Ga shi an fara rage gudu, mun kusa. Allah ya haskaka kabarinka. In ana jin roƙo a inda kake, kada ka kira shi. Ka bar mini wannan.

Matarka da ka bari a bakin ƙofa,
Rabi