Jirgin Malam Tanko Yana Bushewa a Tudu

Zuwa ga Manajan Asusun Rancen Masu Ƙananan Sana'o'i, Yelwa.

Assalamu alaikum. Ranka ya daɗe, ina fatan kana lafiya, kai da iyali da ma'aikatanka. Sunana Haruna, ina kabu-kabu a bakin kasuwar Yelwa. Na yi ta zarya ofishinka har masinja ya daina tambayar sunana, ban samu ganinka ba, shi ya sa na rubuto a fili.

Ni ba mutumin tudu ba ne. A Wara aka haife ni, kuma tun ina saurayi nake aiki a jirgin Malam Tanko, tsohon jirgin katako mai inji da ke kai shinkafa da bandar kifi Yauri ran kasuwa. Da idon Malam ya yi rauni ya ajiye aiki, ni kuma na hau babur. Babur ya ciyar da ni, ba zan yi masa butulci ba. Amma har gobe in na sauke fasinja a tashar jirgi, sai na kashe inji na tsaya kallon ruwa, har abokan aiki suka laƙaba mini Sarkin Ruwan Kwalta. Ina dariya tare da su, amma Allah Ya sani kewa nake ji.

Bara Malam ya kira ni ya ce zai sayar da jirgin, kuma ni yake so in saya, a kuɗin da bai kai rabin na sabo ba. Abin da ya kawo ni neman rance wurinku ke nan. Ga kukana.

Na farko, ma'aikacinku ya ce ba a ba da rance kan tsohon jirgi sai ya duba shi a tudu. Ban yi musu ba. Sai dai a wurinmu, jirgin da aka daina aiki da shi nutsar da shi ake yi a gefen gulbi, a danne da duwatsu, don ruwa ne ke sa katako ya kumbura ya kama ɗan'uwansa. Haka Malam ya ajiye nasa. Saboda maganarku na tara jama'a, muka kwashe ruwan, muka ja shi da igiya kan gungume har tudu.

Na biyu, aka ce mai dubawa zai zo ran Laraba. Na yi wanka na je Wara, inda jirgin yake, na zauna har la'asar. Daga baya aka ce mota ba mai, sannan aka ce ya tafi taro Birnin Kebbi. Aka kuma gargaɗe ni cewa zai iya zuwa kowace rana ba sanarwa, in ya tarar da jirgin a ruwa, maganar rancena ta mutu.

Na uku, ranka ya daɗe, ga bazara ta shigo. Katakon ya fara buɗe baki. Makon jiya na zura yatsana a wurin da a da ko allura ba ta shiga. Inna Hajo, matar Malam, da tsufanta take rufe shi da tsofaffin tabarmi, tana ɗebo ruwa tana zuba masa safe da yamma. Malam ba ya gani, amma yakan sa a kai shi ya bi jikin jirgin da hannu. Da ma faɗa ya yi mini da na fi samun sauƙi. Yanzu masu bandar kifi sun fara taya shi a matsayin itacen wuta, 'ya'yan Malam kuma sun fara saurarensu. Ban ga laifinsu ba.

Na san jirgin nan ƙusa-ƙusa. Na san katakon da nake zama a kai, har ya yi santsi daidai ni. Burina kawai in sake fita da shi da hantsi, in ji ya ɗauki kaya ya zauna a ruwa, in kai mahaifiyata garinsu ta gulbi kamar da.

Roƙona biyu ne. Ka turo mai dubawa cikin makon nan. Ni zan kai shi a babur ɗina, man ma ni zan zuba. In kuwa ba ku da niyyar ba ni, don Allah ku ce mini a'a kawai, in je mu mayar da shi ruwa. Gara in tsaya a tasha in gan shi ya wuce a hannun wani da in ji ƙaurinsa a ƙarƙashin kifi.

Allah Ya ƙara maka lafiya da ɗaukaka, Ya ba ka ikon sauke nauyin da ke kanka, Ya sa kada a bar naka a rana.

Wassalam.

Haruna mai kabu-kabu,
Bakin kasuwa, Yelwa.