Na Ɗauke Idona Daga 'Yar Farina a Tsakiyar Tafki

Assalamu alaikum Anti Turai.

Ki yi mini aikin gafara da zan ɗora miki kayan da ba naki ba. Na san masu rubuto miki damuwarsu ta fi tawa nauyi, wata abin da za a ci, wata lafiyar ɗanta, ni kuwa ga ni da zancen jirgin wasan ruwa. Na sha fara rubutun nan ina gogewa. Amma a garin nan ba ni da wadda zan gaya wa, maganar ba ta zaga Setapak kafin la'asar ba. Don Allah ki taimake ni.

Muna zaune a Kuala Lumpur, unguwar Wangsa Maju, tun yarana suna ƙanana. Maigidana yana da kanti a Setapak, yana sayar wa ɗalibanmu kayan gida, su daddawa da kuka da garin kwaki, yana kuma aika musu kaya Najeriya. Bara Allah Ya karɓi abinSa bayan gajeriyar jinya, Allah Ya jiƙansa. Ya bar ni da yara biyu: 'yar farina da ke karatu a kwaleji, da ƙaninta Fa'iz, shi ma ya mallaki hankalinsa.

Ba zan rubuta sunanta ba. Ba ɓoyewa nake yi ba, ban taɓa faɗarsa da bakina ba ne. A Bukuru na taso, a gidan malamai, inda uwa ba ta kiran sunan ɗan fari, ba ta zuba masa ido, ba ta yabonsa a gaban mutane. Mahaifiyarmu har ta koma ga Allah "ke" take ce wa yayarmu, kuma duk mun san ba ta da kamarta. Ni ma "ke" nake ce wa tawa, ko in ce Fa'iz ya kira mini yayarsa. To amma ita a nan ta tashi, tana ganin ƙawayenta 'yan Malay suna rungumar iyayensu mata a ƙofar makaranta. Tana 'yar firamare ta taɓa tambayar babanta ko na fi son Fa'iz ne. Ya ba ni labarin yana dariya, amma na lura dariyar ba ta kai idonsa ba.

Shekarun baya ya sayi wani ƙaramin jirgin ruwa na hannu, mai kujeru zagaye da rumfa, wanda zai ɗauki iyali guda har da kular abinci. Irin wanda ake ce wa jet ne. Ya zaunar da ni ya yi mini bayani kamar mai neman izini, cewa ba shi da farfela a waje da za ta sari ƙafar yaro, ruwa yake zuƙa ta ƙasa ya feso ta baya, shi ya sa ya zaɓe shi. Ya san tsorona. A garinmu kududdufan da masu haƙar kuza suka bari sun ci yara ba adadi, kuma da wannan gargaɗin aka raine mu. Sai ga shi tafkin da ake ajiye jirgin, can bayan gari, shi ma an ce tsohon ramin kuza ne. Na ce masa na gudo daga ɗaya ya kawo ni wani.

Yarinyar ita ce ta kamu da son allon nan da suke kira wekbod. Za ta ɗaure ƙafafunta a kai, ta riƙe igiya, jirgi yana janta, tana tsallake igiyar ruwan da jirgin ya tayar. Da suturarta take yi, doguwar riga da wando da ɗankwalin iyo irin na 'yan matan nan, ga rigar kariya a sama. Sai da na tambayi malami kafin hankalina ya kwanta.

Ƙa'idar wasan ita ce mutum uku. Mai tuƙi idonsa na gaba, na kan allo yana can ƙarshen igiya, sai mai lura, wanda ke zama ya juya wa mai tuƙi baya, yana riƙe da tuta mai ruwan goro. Aikinsa kallon na kan allo kaɗai. In ya ɗaga babban yatsa a ƙara gudu, in ya saukar a rage, in ya faɗi mai lura ya sanar nan take ya ɗaga tuta, don sauran jirage su san akwai mutum a cikin ruwa. Wanda ya faɗi ba a ganin komai nasa sai kai.

Tun ranar farko marigayi ya miƙa mini tutar. Na ce a ba Fa'iz, ya ce Fa'iz tuƙi zai koya. Ya ce, "Hajiya, idonki a kanta." Anti, a nan na fara kallon 'yata. Na ga yadda take cije leɓe in za ta yi tsalle, na ga ashe goshin mahaifiyata gare ta. Ba wanda zai ce na yi rashin kunya, tunda doka ce ta sa ni. Ita ma ta sani, in ta dira daidai ni take fara dubawa, ni kuma in ɗan gyaɗa kai. Iyakar hirarmu ke nan, kuma ta ishe mu.

Bayan na fita takaba ba wanda ya yi zancen jirgi, har aka jima. Ita ce ta zo ta tsaya a ƙofar kicin, ta ce Fa'iz ya samu takardar tuƙi, amma ba za ta kama igiya ba sai in ni ce a kujerar baya. Na amsa. Muka je ranar wata Asabar da hantsi, na yi addu'ar hawa jirgi kamar yadda babansu ya saba, na zauna na juya baya.

Komai yana tafiya lafiya har muka kusa inda ake juyawa. Marigayi yana da wata al'ada, in zai karya kwana sai ya yi gyaran murya ya ce a riƙe da kyau. Ban san Fa'iz ya ɗauki wannan ba. Sai kawai na ji gyaran muryar nan a bayan kafaɗata, da kalmomin, da muryar, babu abin da ya ragu. A jirgin nan dama ba ganin maigidana nake yi ba, jin sa nake yi. Wallahi ban yi niyya ba, wuyana ne ya juya da kansa. Na tsaya ina kallon ƙeyar yaron nan, ban san tsawon lokacin ba.

A daidai nan ta faɗi. Ban gani ba, ban sanar ba, tuta tana kan cinyata. Fa'iz ne ya hango igiya tana tsalle ita kaɗai a madubi. Kafin mu juyo wani mai babur ɗin ruwa ya wuce dab da ita. Allah Ya tsare, ko ƙwarzane ba ta yi ba. Ta hau ta baya, ta kwance allon, ta zauna tana ɗigar ruwa. Yarinyar da Turanci take amsa mini tun tana ƙarama, ran nan kuwa da Hausa ta yi magana, a hankali. Ta ce, "Ko a nan ma shi kika kalla."

Ta yaya zan ce wa 'yar farina muryar ubanta na ji? Da wane baki?

Tun daga ranar allon yana jingine a baranda yana shan rana. Ba ta yi mini rashin kunya, tana gaishe ni, tana wanke-wanke, amma abincinta a shagon mamak, gidan abincin Indiyawa Musulmi, take ci da ƙawayenta, ko ta yo tapau, wato ta sayo a ƙunshe, ta shige ɗaki.

Ana cikin haka Yaya Haliru, wan maigidana, ya bugo daga Kano. Ya ce jirgin nan dukiyar gado ce da ba a raba ba, Hajiya mahaifiyarsu tana da haƙƙi a ciki, ga kuɗin ajiya yana cin kanti, kuma ya ga bidiyon yarinya a waya, bai ga dacewar budurwa tana shawagi a ruwa ba. Ya ce a sayar. Ban ga laifinsa ba, mutumin kirki ne, kuma maganar gadon ta tsaya mini a rai, ina tsoron in kasance mun hau haƙƙin wata ranar da muka fita. Akwai wani ɗan ƙasar nan a wurin ajiyar da yake son sayen jirgin, yana jiran amsata kafin wata ya ƙare. Fa'iz ya ce shi bai yarda ba. Da na sa shi ya tambayi yayarsa, kalma ɗaya ta ba shi, boleh, wato ba komai, a sayar.

In na sayar, na huta da tsoro da nauyin gado, amma na rufe wuri ɗaya tak da nake iya kallon 'yata, kuma za ta rayu da abin da ta zata. In na riƙe, ban amince da wuyana ba, kuma ban san ko za ta sake miƙa mini tutar ba. Ina yin istihara, zuciyata ba ta tsaya ba. Don Allah ki ba ni amsa da wuri, kafin mutumin nan ya dawo.

Taki,
Maman Fa'iz, Wangsa Maju.

AMSA

Wa alaikumus salam 'yar'uwata. Allah Ya jiƙan maigidanki, Ya sa ya huta, Ya ba ku haƙurin rashi. Ba ki dame ni ba, kuma damuwarki ba ƙarama ba ce.

Matsala biyu kika ƙulle a ɗauri ɗaya, mu kwance su.

Ta farko, gado. Yaya Haliru yana da gaskiya, dukiyar da ba a raba ba ba ta mutum ɗaya ba ce, kuma in ajiyar jirgi tana cin kantin da kuke ci da shi, dole a duba. Amma raba gado ba lallai sai an sayar ba. Ki samu malamin da ya san fannin, a ƙiyasta jirgin tare da sauran abin da aka bari, a ga ko zai iya faɗawa cikin rabonku ku uku, a fitar wa Hajiya surukarki nata daga wani wuri. Ki kira Hajiya da kanki, ki gaya mata kun hau sau ɗaya, ki nemi yafiyarta. Yaranki manya ne, suna da bakin magana a kan rabonsu. Zancen bidiyo kuwa, ki saurare shi da ladabi, ki gaya masa suturar da take sawa da fatawar da kika nema. Mai saye ki ce masa magada ba su gama shawara ba. In ya tafi, Allah Ya kawo wani. Kuma kada ki ɗauki boleh ɗin nan a matsayin yarda. Fushi ne ya yi magana.

Ta biyu ita ce babba. Juyawar da kika yi ba zunubi ba ce, mace ce ta ji muryar mijinta da ya rasu. Sai dai ruwa ba ya karɓar uzuri. In za ku koma, a sa mutum na huɗu ya zauna kusa da ke yana lura, har ki saba da muryar Fa'iz, kuma ki gaya wa Fa'iz abin da ya faru, shi ma ya sani.

Amma ba jirgi ne zai gyara tsakaninki da yarinyar nan ba. Ina girmama alkunya, ni ma da ita aka raine ni. Sai dai alkunya tana aiki ne inda kowa ya san ma'anarta. Yayarku ta san "ke" ɗin mahaifiyarku so ne, domin duk unguwa haka ake yi. 'Yarki ba ta da unguwar da za ta fassara mata. Babanta ne yake fassarawa, kuma ina kyautata zaton ba don Fa'iz ya koyi tuƙi kaɗai ya ba ki tutar nan ba. Yanzu ba ya nan. Ke mai karatu ce, kin san kunyar ɗan fari al'ada ce, ba farilla ba, kuma kin fi ni sanin yadda Fiyayyen Halitta, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, yake miƙewa ya tarbi 'yarsa.

Kin ce da wane baki za ki faɗa. Da hannun da kika rubuto mini. Abin da kika gaya mini na cije leɓenta da goshin mahaifiyarki, ita ya kamata ta ji, ba ni ba. Ki shigo da allon nan daga baranda, ki goge shi, ki kai mata ɗakinta da kanki, kada ki aiki Fa'iz. In harshe ya yi nauyi, ki miƙa mata wannan shafin ta karanta a gabanki, ki zauna har ta gama. Wataƙila ta yi kuka, wataƙila ta yi shiru, ki ba ta lokaci.

Bayan haka, ku ukun ku yanke hukuncin jirgi tare. In an riƙe, madalla. In ƙiyasi ya nuna sai an sayar, ba za ki rasa wurin kallonta ba, tunda kin buɗe wani a cikin gida.

Abu ɗaya na ƙarshe. Na ga kin sa hannu da Maman Fa'iz. Ranar da za ki ƙwanƙwasa ƙofar nan, ki kira ta da sunan da babanta ya raɗa mata. Sau ɗaya ma ya isa a fara.

Allah Ya daidaita tsakaninku, Ya tsare ku a tudu da ruwa, Ya sanyaya miki ido da su duka biyun.

Anti Turai.