Barguna Goma Sha Ɗaya

Zuwa ga mahaifiyata, Mma Hajara,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa ta girmamawa, ina fatan kina cikin rahamar Ubangiji. Shekara huɗu da rasuwarki, amma yau bakina ya ƙi yin shiru.

Surukinki, Baban Rabi, ba shi da lafiya. Mutumin da ke takawa daga Zango zuwa unguwar Alabar ya dawo bai ce wash ba, sai ga shi matakalar masallaci na sa shi haki. A babban asibiti aka huda ƙashin ƙugunsa aka gwada, likita ta zaunar da mu ta ce ɓargonsa ya daina yin jini. Wallahi Mma, ban san ɓargo na da wani aiki ba banda a tsotse shi a miya.

Ta ce akwai dashen ɓargo a ƙasar waje, idan na ɗan'uwa ya dace. Aka gwada ƙanensa tilo, bai dace ba. Saura magani, mai ɗaukar watanni kafin a san ko jiki ya karɓa, kuma kafin nan dole a riƙa ƙara masa jini, mu ne za mu nemo masu bayarwa. Ni da ke jin nauyin roƙon gishiri, ina ni ina roƙon jini?

Kin tuna yadda kike mana a kan Hausa? In na ce "kasa" a maimakon "ƙasa" sai ki murɗe min kunne: "Ni Bakatsiniya ce, ba za a lalata min harshe a gidana ba." Maƙwabciyarmu Anti Adisa, mai sayar da shinkafa da wake, ita ta fi kowa shan tsiyarki.

To, ita na fara gaya wa. Na ce ɓargonsa ne ya lalace, kullum sanyi yake ji. Ta gyaɗa kai ta fita. Da hantsi sai ga ta da bargo sabo fil a leda. Ashe bargon rufa ta ji! Kafin la'asar labari ya zaga gida-gida, wai likita ta ce bargon Baban Rabi ya lalace. Barguna goma sha ɗaya, Mma, a wannan zafi na Kumasi!

Surukinki ya yi dariya har da hawaye, karon farko tun da muka baro asibiti. Ni kuwa kuka na fashe da shi. Na tsamo ƙashi daga tukunya, na fasa a gaban matan da suka kawo bargunan, na nuna musu abin da ke ciki, na faɗi abin da na kasa faɗa. Anti Adisa ta dafe ƙirji ta ce min, da Hausar nan tata, "Me ya hana ka ce jini? Jini muna da shi!"

Ranar Talata motar haya ta trotro guda muka cika zuwa asibiti: mahauta, malaman makaranta, har direban, Ba'ashante, ya kashe mota ya bi layin ba da jini. Wata biyar ke nan ban sake buɗe baki na roƙa ba, su ke tambayata yaushe ne na gaba. Likita ta ce ɓargon ya fara motsi. Ba ta yi mana alkawari ba, kuma tsoron bai bar ni ba. Amma jiya da ƙafarsa ya je Juma'a.

Kullum kina cewa za ki kwashe mu mu koma gida. Na gode da ba ki kwashe mu ba, Mma.

Na mayar da barguna goma. Na Anti Adisa kuwa, surukinki ya hana a taɓa. Ɗazu jikarki Rabi ta ce min, "Yaya bargon Baba?" Hannuna har ya kai kunnenta, sai kawai na shafa kanta na ce da sauƙi.

Allah Ya haskaka kabarinki, Ya ba surukinki lafiya, Ya saka wa mutanen nan da Aljanna, Ya sa su sake zama maƙwabtanki a can. In kun haɗu, don Allah kar ki gyara musu Hausa.

Taki har abada,
Hasiya